Ɗan Fari a Bayan Labule

Sau uku na kai mahaifiyata asibiti a shekarar da ƙarfinta ya fara ja da baya, sau ukun kuma muka dawo da maganin tari. Zuciyarta ce ke gazawa, kuma ba wanda ya sani. Ban ɗora wa likitocin laifi ba. Likita da abin da aka gaya masa yake aiki, ni ne kuwa mai gaya masa.

Ni ne ɗan farinta. Wanda bai tashi a gida irin namu ba zai ce, to sai me? Mutanenmu sun daɗe da jingine sandar kiwo, sun zauna a gefen Dugabau suna noman gero da gyaɗa. Shanun sun ragu, Fulatancin ma ba ya fitowa sai tsofaffi na son yin gulmar yara a gabansu. Amma kunyar ɗan fari tana nan daram. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. Ana yaye ni kakata ta ɗauke ni, a ɗakinta na girma. In na shiga gaida Inna, sai ta tuna akwai wani faifai da ke buƙatar gyara nan take, ta amsa mini a taƙaice, fuska a gefe. In tana da saƙo, sai ta ba wanda ke kusa: "A gaya wa mutumin Gwarzo an gode da sabulu." Mutumin Gwarzo kuwa, wato ni, yana zaune a bakin tabarmarta. In babu kowa a kusa, kaza ma ta isa manzo.

Ban taɓa ɗaukar wannan ƙiyayya ba. Duk gidan an san tuwon wa ya fi samun man shanu.

Na yi shekara talatin da ɗoriya ina koyar da ilimin halittu, da farko a Lakwaya, daga baya a cikin Gwarzo. Zanen zuciya a allo kuwa, ko da hannun hagu zan yi shi: ɗakuna huɗu, ƙofofi huɗu, jan alli a gefe ɗaya, shuɗi a ɗaya gefen. Saboda haka duk ciwon da ya tashi a gidanmu ni ake kira. Ni ne mai mota, ni ke jin Turancin likitoci, ni na san tagar da ake yankan kati. Lissafin ya yi daidai ta kowace fuska sai guda. An haɗa mara lafiya da mutum ɗaya tak a duniya wanda ba za ta iya cewa "nan ke yi mini ciwo" a gabansa ba. Babu wanda ya lura da haka, har da ni, mai digirin gidan.

Ga yadda zuwanmu yake kasancewa. Mu shiga, Inna ta zauna a bakin kujera, hijabi har ƙasa, ni ina tsaye a bayanta kamar lauya.

"Inna, me ke damunki?"

"Lafiya lau. Ɗan tari ne."

"Kina samun barci?"

"Alhamdu lillahi."

"Abinci fa?"

"Alhamdu lillahi."

Daga nan sai in karɓe zancen. In yi bayani da Turanci mai kyau, in ce tsufa ne da sanyin damina da hayaƙin murhu. Layi yana da tsawo a waje, ga mutum mai furfura yana magana kamar wanda ya san abin da yake faɗa. Likita ya rubuta takarda, mu yi godiya, mu fito.

Ana cikin yankan gero autarmu, wadda ke aure a garin Jama'a, ta je gida ta yi kwana biyar. Tsakaninta da Inna babu wannan shamakin. Su yi faɗa a kan gishiri, su yi dariya, ta kwanta a cinyarta da girmanta da 'ya'yanta shida. Ta kira ni a waya.

"Yaya, Inna fa ba tari ke damunta ba."

"Yaushe kika zama likita?"

"Ban zama ba. Ni dai a ɗakinta nake kwana."

"Me kika gani?"

"Ka dai zo. Kuma wannan karon da ni za a je."

Na yarda ne don a sami mai riƙe jaka. Likitan da muka gani ranar bai saurare ni sosai ba, abin da ya ɗan sosa mini rai a lokacin. Ya ɗora abin sauraro a ƙirjin Inna ta saman hijabi, ya daɗe, ya koma baya, ya sake daɗewa. Sannan ya ce yana son a yi mata hoton zuciya. Akwai wata likita da ke zuwa daga Kano da na'urarta ranar Laraba, tana zama a wani ƙaramin asibitin kuɗi a nan cikin Gwarzo. Ya ce kada mu wuce Larabar nan.

A hanya auta ta juya ta ce, "Inna, sikanin fa za a yi miki, irin na masu ciki. Ko ƙani za mu samu?"

Ta madubi na ga hannu ya fito daga cikin hijabi ya mintsine ta.

"Allah ya shirye ki," in ji Inna, can ƙasa-ƙasa, don kada ni direba in ji.

Ranar Laraba da hantsi muka isa. Ɗakin ƙarami ne, da fanka, da siririn gado, da koren labule da ya raba shi biyu. Na'urar ba ta fi akwatin tafiya ba, tana kan tebur mai taya. Nas ta ce mutum ɗaya ne zai shiga da mara lafiya. Ba a ma yi shawara ba. Auta ta zauna a benci da jaka da filas, ni na shige.

Likitar yarinya ce a idona, sa'ar waɗanda na koyar a shekarun ƙarshe. Ta gaida Inna da ladabi, ta gaishe ni, ta ce, "Malam, ka tsaya nan bayan labule." Ta ja shi. Na ji tana cewa Inna ta cire hijabi, ta sassauta zani daga sama, za a shafa mata wani mai, da ɗan sanyi amma ba ya ciwo.

Na ga ya dace in kwantar wa Inna da hankali. Tun da ba na yi mata magana kai tsaye, sai na yi wa labulen bayani. Na ce babu allura, babu yanka, babu wuta. Sauti ne wanda kunne ba ya ji, ake tura shi cikin ƙirji ya bugi zuciya ya dawo, kamar yadda murya ke dawowa in ka yi kira a rijiya mai zurfi, na'urar ta mayar da shi hoto. Bayani ne mai kyau, har yau ina tsaye a kansa. Labulen bai ce komai ba.

"Inna," in ji likitar, "in kin kwanta, numfashi yana yi miki wuya?"

Shiru.

"A'a, likita," na ce. "Tana barci lafiya lau."

"Matashi nawa kike sawa?"

"Ɗaya," na ce. Na tabbata, don ni na saya.

"To madalla. Inna, kwanta ta gefen hagu, ki sa hannun nan ƙarƙashin kai. Haka zuciyar ke matsowa kusa in gan ta da kyau."

Na ji ƙarar gado. Na ji an matsa kwalba. Can sai na'urar ta fara wani huci, fuu, fuu, kamar zuga-zugin maƙeri. Ina tsaye ina gyaɗa kai irin na wanda ya san darasin. Sai wani sautin ya shigo ƙarƙashin na farko, wanda ba daga na'ura yake ba, kamar ana jan zarto a ɗanyen itace. Ya yi ta ƙaruwa. Babu kalma ko ɗaya a cikinsa.

Muryar likitar ta sauya. "Inna? Inna! Tashi zaune. Sista, tallafe ta, kawo matasai, duk ki kawo."

Na ɗaga hannu zan yaye labulen, hannun ya tsaya. Mahaifiyata tana ciki ƙirji a buɗe. Na san in na leƙa, abin da zai fara zuwa mata shi ne neman hijabi, ba neman numfashi ba. Na tsaya ina kallon koren yadi, ina jin ana cewa "a hankali, ja, saki, yauwa," har zarton ya fara lafawa.

"Haba Inna," na ji likitar na cewa. "Me ya sa ba ki ce ba kya iya kwanciya ba? Na tambaye ki fa."

Labulen ya ɗan buɗe, fuskar likitar ta fito. Ta dube ni, ta dubi takalmana, waɗanda tun ɗazu hancinsu ke leƙe ta ƙarƙashin labulen.

"Malam, kai ne ɗan fari?"

"Ni ne."

"Fulani ne ku?"

"Da ɗan saura."

"Inna lillahi. Ai haka kakata ke yi wa babanmu, ya yi furfura tana ce masa 'wancan'. Da kai aka yi ta zuwa asibitin duk?"

"Da ni."

"Shi ya sa." Ta sauke murya, amma ba ta rage kaifi ba. "Don Allah Malam ka fita. Ba bakin ƙofa ba, can inda ko tarinka ba za ta ji ba. Akwai mace a tare da ku?"

"Autarmu tana waje."

"Auta tana waje, ɗan fari yana ciki. Malam, ai an juya takardar."

Na kori yara daga aji ba adadi, kuma kullum ina ganin hukunci ne mai sauƙi. Ranar na gane nisan da ke tsakanin tsakiyar ɗaki da ƙofa. Auta ta miƙe da aka kira ta, ta danƙa mini kayan.

"Riƙe jakar, Yaya. Kada filas ɗin ya kife."

Na je gindin darbejiyar da ke bakin asibitin na zauna kusa da wani mai sayar da rake. Ya dubi jakar mata a cinyata, ya dubi hulata, ya yi mini sannu irin ta jaje. Abin da ya tsaya mini a wuya a zaman nan shi ne Inna ta san abin da zai faru in ta kwanta. Ta sani sarai. An ce ta kwanta, ina bayan labule, sai ta zaɓi shaƙewa a kan ta faɗi halin jikinta a kunnena. Ni kuma na riga na ba da shaida cewa tana barci lafiya. Ko da ta so magana, sai ta fara ƙaryata ɗanta a gaban baƙuwa, wannan kuwa ba ta taɓa yi ba.

An kusa awa kafin nas ta fito ta yafito ni. Inna ba ta ɗakin, an mayar da ita na kusa an yi mata allurar da za ta rage ruwan da ya taru a jikinta. Likitar ta ce in zauna. Ta ce ta ƙarasa hoton ne Inna tana jingine da matasai, kuma ya fita yadda ake so. Sannan ta karanta mini abin da ta samu cikin minti goma bayan fitata.

Tun farkon damina Inna ba ta kwanta ba. A zaune take barci, jingine da buhun gero. Matashin da na saya yana kan buhun, shi ke tare mata wuya, don haka ban yi ƙarya gaba ɗaya ba. Takalmanta sun daina shiga, ta koma sa silifas ɗin wani jikanta. In ka danna ƙaurinta, yatsa yana barin rami. Sujada tana kawo mata jiri, sai ta koma salla a zaune in ba kowa a ɗakin. Da cikinta ya fara kumbura, ta ɗauka iska ce, ta dinga jiƙa kanwa tana sha safe da yamma. Shekarun baya an taɓa ce mata tana da hawan jini, ta sha magani har ya ƙare, ta ɗauka ciwon ma ya ƙare.

"Duk wannan ita ta faɗa?"

"Da bakinta. Har da labarin wata saniyarta da ta yi irin wannan kumburin. Innarka akwai hira, Malam."

Ban san haka ba.

Ta juyo mini da fuskar na'urar. Hoton toka-toka ne, mai siffar yankin faifai, yana motsi. Da farko ban gane komai ba. Da ta ɗora biro tana nunawa, sai ga ɗakunan huɗu, amma a kife, na ƙasa a sama, kuma ba wanda ya yi kama da abin da na yi shekaru ina ba yara maki a kansa. Ta nuna babban ɗakin hagu.

"Wannan shi ke tura jini zuwa jiki duka. Kamata ya yi ya matse sosai, kamar hannun mai tatsa. Dubi nata."

Na duba. Ɗakin ya yi faɗi, bangonsa yana ɗan matsowa ya koma, kamar mai tatsar da hannunta ya gaji tun saniya ta uku. Ta danna wani maɓalli, launuka suka bayyana, ja da shuɗi suna walƙiya a bakin wata ƙofa mai lilo. Nan na ga abin da na sani, na ji daɗi.

"Jan shi ne jinin da ya sha iska," na ce, "shuɗin kuma wanda ya dawo daga jiki."

"A'a, Malam, wannan na allo ne. A nan ja yana nufin jinin ya nufo na'urar, shuɗi yana nufin ya juya mata baya. Ka ga wannan feshin? Ƙofar ce ba ta rufuwa sosai tun da ɗakin ya buɗe, jini yana komawa inda ya fito. Shi ke cika mata huhu da ruwa, in ta kwanta abin ya ƙaru."

Na ce na gode. Sau biyu ke nan ta gyara mini aiki kafin azahar, kuma duk biyun tana da gaskiya.

"Za ta warke?"

"Warkewa ɗungurungum, a'a. Sauƙi kuwa, in sha Allahu, mai yawa, in aka bi ƙa'ida. Da an ci gaba da ba ta maganin tari har kaka ta wuce, da wata maganar muke yi ni da kai."

Ta rubuta magunguna. Ta ce gishiri kaɗan, ɗanɗanon miya na dunƙule a rage, kanwa kuwa a ɗauke ta daga ɗakin gaba ɗaya. Ta ce kowace safiya wani ya duba abu uku: ta iya kwanciya jiya, ƙafa ta ƙaru ko ta ragu, numfashi yana kai ta banɗaki ta dawo. Ta ɗago ta dube ni.

"Wani, Malam. Wanda za ta amsa wa."

"Na gane, likita."

An riƙe Inna kwana huɗu. Ina kai abinci in miƙa daga ƙofa. A rana ta biyu na tare auta a baranda.

"Kin ga buhun, kin ga ƙafar, me ya hana ki gaya mini?"

"Ta hana ni. Ta ce in na kai maka maganar jikinta ba ta yafe ba." Ta gyara riƙon filas ɗin a hammata. "Kuma ranar da na fara ɗauko zancen a mota, ka yi mini lacca a kan sanyin damina daga Kabo har Gwarzo. Ina zan sa baki?"

Wani abokin aikina da na ba shi labarin ya ce ai irin waɗannan al'adun ne ke kashe mutane, lokaci ya yi da za a watsar. Na ce masa ya je Dugabau ya gaya wa Inna. Matar da ta haura saba'in tana riƙe da abu ɗaya, ba za ta sake shi don ɗanta ya iya Turanci ba, kuma ban ga dalilin da za ta yi hakan ba. Al'adar ba ta taɓa cewa a hana mara lafiya magana ba. Cewa ta yi kada ta yi a gabana, ta kuma tanadi mutum goma da za ta yi a gabansu. Kakannina da ba su shiga aji ba, da ba za su taɓa tura ɗan fari ya raka uwa wajen mai magani ba. Ni na zo da mota da takardar shaida na tsaya a inda ba wurina ba, gidan kuma suka bar ni saboda suna ganin girman takardar.

Muka raba aiki. Matar ƙanena da ke gida ɗaya da Inna ita ke yin tambayoyin safe. Ta gaya wa auta, auta ta kira ni, ni in rubuta a littafi, in wani abu ya sauya in kira asibiti. Hanya ce mai kwana-kwana, amma labarin yana isowa da gaskiyarsa. Ta nan na ji ranar da Inna ta koma gado da matashi biyu. Ta nan na ji an kama ta da ƙullin kanwa a cikin kwallar tufafi, ta ce ajiya aka ba ta.

Da bazara likitar ta ce a dawo a sake hoton. Na ajiye su a bakin ƙofa, na zagaya da motar can baya na zauna a ciki, ko katin ban karɓa ba. Ba a daɗe ba auta ta fito da takarda a hannu, ta leƙo ta taga.

"Ta kwanta da kanta, ta hagun, har aka gama. Likita ta ce ɗakin ya fara matsewa, ba kamar na yarinya ba, amma ya fi da. Ruwan ya janye. A ci gaba da magani, kada a tsaya ko ta ce ta warke."

"Ita Innar me ta ce?"

"Ta ce wa likita miyar gidan nan ta zama ruwan wanke kwano, ko za a taimaka a rubuta mata ɗan gishiri a takardar."

"An rubuta?"

"An ce ta ƙara daddawa."

Na tada motar, na koma bakin ƙofa in ɗauki Inna.